Allura da Kujerun Ciyaman

SHAFI NA 27

Masu cika min waya da saƙo tun safe, na ji ku. Ku gyara zama.

*

Saura kwana huɗu zaɓe. Allura tana gaban keken ɗinkinta, fil uku a baki, tana haɗa hannun wata riga, sai inuwar mutum ta tare mata hasken ƙofa.

Ba ta ɗago ba.

"In gyara ne a ajiye a kan benci. In sabon ɗinki ne sai bayan zaɓe."

"In kuma mutum hularsa ya zo gani fa?"

Ƙafarta ta tsaya cak a kan keken.

Wannan muryar ta san ta fiye da tata. Wata takwas ke nan tana gwada ta a gaban madubi, har ɗan gyaran muryar da mai ita yake yi kafin ya ce "jama'ata" ta haddace.

Ta zare fil ɗin daga bakinta ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ɗago.

Ciyaman ne. Shugaban garin da kansa. Babu jiniya, babu 'yan sanda, babu masu yi masa kirari. Shi kaɗai, da wata ambulan mai ruwan ƙasa a hammata.

Allura tela ce, kuma ba don ɗinki aka laƙa mata sunan ba, don bakinta ne. Wata takwas da suka wuce ruwan sama ya cika kasuwa, ya shiga shagonta ya lalata mata kayan mutane. Haushi ya sa ta ɗinka wata ƙatuwar hula, ta cusa matashin kai a cikin riga ya zama tumbi, ta tsaya cikin ruwa har gwiwa ta ce da muryar Ciyaman, "Jama'ata, ku kwantar da hankalinku, ana kan aiki." Yayanta mai hoto ya ɗauka ya saka a shafinta.

Shi ke nan gari ya ɗauka. Miji ya tambayi abinci, matar ta ce ana kan aiki. Ka je wurin makanike karɓar motarka, ya leƙo daga ƙarƙashinta ya ce ana kan aiki. Shekaranjiya a wurin kamfen Ciyaman ya buɗe baki ya ce "jama'ata", filin gaba ɗaya ya ƙarasa masa sauran. Abokin takararsa kuwa, Injiniya, wanda bara ko a layinsu ba kowa ya san shi ba, yanzu babu bangon da babu fostarsa.

"Ranka ya daɗe," ta ce tana kwashe tarkacen yadi daga kan benci. "Bismillah. Sai dai bencin namu yana rawa. Ana kan aiki."

Ya dube ta. Ta dube shi.

Sai ya zauna, bencin ya yi ƙara.

"Ita ce waccan?" Ya nuna hular da ke rataye a ƙusa saman madubi.

"Ita ce."

"Ta fi tawa kyau."

"Na fi telanka iya aiki ne."

"Sa ta in gani."

"A nan?"

"Kullum a waya nake ganina. Yau ina so in ganni ido da ido."

Da wata ce da tuni ta fara ba da haƙuri. Allura kuwa miƙewa ta yi ta ciro hular ta ɗora, ta turo ciki gaba, ta haɗa hannuwa a baya, ta yi gyaran murya sau biyu.

"Ehem. Ehem. Jama'ata! Masu cewa ramin da ke bakin kasuwa ya shekara shida, ƙarya suke yi. Shekararsa bakwai. Kuma ba rami ba ne, tafki ne muka gina muku kyauta. Kifi ne kawai bai iso ba. An ba da kwangila. Ana kan aiki!"

Ciyaman ya riƙe dariyar, ya sake riƙewa, ta ƙwace masa. Ya yi ta yi har da buga gwiwa, har ya ciro hankici ya share ido.

"Matata ta ce kin fi ni iya ni."

"Hajiya tana da ido."

Ya ninke hankicin ya mayar aljihu. Kafin ya gama mayarwa fara'ar ta bar fuskarsa.

"Malama, na kalli bidiyonki duka. Talatin da ɗaya."

"Da biyu, ranka ya daɗe. Akwai na jiya."

"To, da biyu. Na magudanar ruwa gaskiya ne. Na rufin makaranta gaskiya ne. Na fitilun titi da muka buɗe da rana don kada a ga ba sa kamawa, shi ma gaskiya ne, kuma har yau ban san wanda ya gaya miki ba."

"Kowa ya gani ai."

"Ban zo musu ba. Guda ɗaya ne ya taso ni."

Ta cire hular ta riƙe a hannu.

"Wanne?"

"Na kujeru."

Allura ta ɗan murmusa. Ai na kujeru shi ne sarkinsu. Sati uku da suka wuce yayanta ya kawo mata wani hoto a waya, ya ce wani ma'aikacin asibiti ne ya turo a ɓoye. Motar asibitin gari ce guda ɗaya tilo, a fake a ƙofar gidan Ciyaman, bayanta a buɗe, ga tulin fararen kujerun roba a gefe. Wato motar marasa lafiya ta koma jigilar kujerun kamfen. A ranar Allura ta sa hula ta rungumi wata kujera mai karyayyar ƙafa tana lallashinta, tana cewa, "Jama'ata, kujerun ne ba su da lafiya. Wannan ƙafa ce ta karye mata, waccan hawan jini ne. Ku masu naƙuda ku ɗan jira, ana kan aiki." Mutum dubu ɗari huɗu suka kalla.

"Ai da hoto, ranka ya daɗe," ta ce. "Ba ni na zana shi ba."

"Da hoto."

Ya buɗe ambulan ɗin, ya zaro wani babban hoto na takarda, ya ɗora mata a kan keken ɗinki.

Motar ce. Ƙofar gidan ce. Kujerun ne.

Sai dai wannan ya fi nata faɗi. Daga hagu, inda nata ya ƙare, maza huɗu ne suke sauko da wani abu daga motar, a lulluɓe da farin ƙyalle. A bayansu ga Ciyaman, babu hula, ya rufe fuska da hannu ɗaya.

"Mahaifiyata ce," ya ce. "Shekara biyu ke nan. A asibiti ta cika, motar ta kawo ta gida. Kujerun na masu zuwa ta'aziyya ne, wata mota daban ta sauke su."

Allura ta ƙura wa hoton ido.

Ta tuna yadda ta rungumi kujerar nan. Ta tuna sau huɗu suka sake ɗauka saboda ita kanta dariya take yi.

"Me ya sa ba ku faɗa ba?"

"Mun faɗa. Ofishina ya fitar da sanarwa washegari. Mutum ɗari biyu suka karanta, rabinsu ma'aikatana ne. Saura kuma suka rubuta a ƙasa, ana kan aiki." Ya girgiza kai. "Na ce ba zan saka gawar uwata a waya don neman ƙuri'a ba. Har yanzu ban saka ba."

"To yau me ya canza?"

"Baba Direba."

"Wane ne shi?"

"Mai tuƙa motar. Shekara ashirin da biyu yana wannan aiki. Tun da bidiyonki ya fita ake kiransa likitan kujeru, ya yi ta haƙuri. Ranar Litinin matasa suka tare shi a mahadar kasuwa, suka fasa gilashi, suka ɓalle ƙofar baya wai za su fito da kujeru. Mace ce a ciki tana naƙuda."

Hular ta suɓuce daga hannunta.

"Ta…?"

"Ta sauka lafiya, Allah ya tsare. Amma shi ya ajiye makulli ya tafi gida. Ya ce ba zai sake ba. Kwana uku ke nan motar tana fake, duk direban da aka nema sai ya ce shi ba likitan kujeru ba ne."



Allura ta sunkuya ta ɗauki hular, ta kaɗe ta, ta mayar kan ƙusa. Sannan ta juyo ta fuskance shi.

"Ranka ya daɗe, Allah ya jiƙan mahaifiyarka. Na zalunce ta, na zalunci Baba Direba, na zalunce ka a kan wannan. Da bakin da na yi ɓarnar da shi zan gyara."

"Na gode." Ya ɗan matso gaba. "In kin tashi gyarawa, ki ɗan ƙara da cewa jama'a su sake tunani a kan…"

"A'a."

"Ban gama ba."

"Na san inda za ka. Wata takwas ina zama kai, ranka ya daɗe, kafin ka buɗe baki na san abin da zai fito. Na kujeru ƙarya ne, zan ce ƙarya ne. Ramin bakin kasuwa kuwa yana nan, da safen nan na tsallake shi. Ba zan ce a zaɓe ka ba."

"Injiniya za ki ce a zaɓa?"

"Ban taɓa cewa a zaɓi kowa ba. Ni dariya nake bayarwa, kowa ya je ya yi lissafinsa."

"Haka kike gani." Ya miƙe, bencin ya sake ƙara. "Ki juya hoton."

"Na'am?"

"Bayansa. Ki duba."

Ta juya.

Hatimi ne mai shuɗin tawada, zagayayye, da 'yar kamara a tsakiya da lambar waya a ƙasa. Harafi ɗaya ya ɗan karkace, don ranar da aka sassaƙa hatimin tana tsaye a wurin, ita ce ma ta ce a bar shi haka.

Hatimin shagon yayanta.

"Lokacin yana ɗaukar wa ofishina hotuna," in ji Ciyaman daga bakin ƙofa. "Shi ya ɗauka, shi ya wanke, shi ya kawo min har gida ya yi min gaisuwa. Ki riƙe hoton. Yadda kika ga ya dace ki yi da shi."

*

Layi biyu ne tsakanin shagonta da na Yaya. Ba ta ko cire tef ɗin awo daga wuyanta ba.

Ta same shi a gaban kwamfuta, ya toshe kunne ɗaya, batiran kamara huɗu jere a caji. Yana ganinta ya washe baki.

"Auta! Kamar kin san ke nake nema. Mutanen Injiniya sun sake kira. Taron yau ƙarfe huɗu, minti goma kawai suke roƙo ki hau dandamali. Na ce musu ƙanwata ba ta hawa dandamalin kowa, amma…"

Ta kifa hoton a kan teburinsa, hatimin yana sama.

Ya ƙura wa hatimin ido.

"Yaya, hatimin wa ke nan?"

"Ina kika samo wannan?"

"Tambayarka na yi."

Ya cire abin kunnen ya ajiye a hankali. Bai juya hoton ba. Rashin juyawar nan ita ta ƙarasa mata komai.

"Ka ce min ma'aikacin asibiti ne ya turo."

"Auta, zauna."

"Ba zan zauna ba. Ka san gawa ce a motar?"

Ya sunkuyar da kai.

"Yaya, ka san gawa ce?"

"Na sani."

"Kana riƙe da kamara ina rungume da kujera. Kai kake cewa in sake, in ƙara marairaice murya. Kana dariya har kamarar tana rawa."

"To sai me?" Ya miƙe tsaye. "Sai me, Auta? Talatin da ɗaya gaskiya, guda ɗaya tak aka ɗan gyara. Mutumin nan shekara takwas yana yi mana ƙarya safe da yamma, wa ya je ya kifa masa hoto a tebur?"

"Ni. Wata takwas ina kifa masa."

"Kuma me ya canza? Dariya mutane suke yi su wuce. Sai da na kujeru ya fita suka fusata. Fushi shi yake kai mutum rumfar zaɓe, ba dariya ba."

"Fushin ya kai su kan mace mai naƙuda."

Ya kawar da kai.

"Wannan ba mu muka aike su ba."

"Mu? Kai da wa?"

Ya ja tsaki ya koma ya zauna. Ta zagaya ta tsaya tsakaninsa da kwamfutar.

"Kai da wa, Yaya?"

"Injiniya ya nemi tsofaffin hotunan da na ɗauka a gidan Ciyaman. Na kai masa a waya. Yana dubawa ya tsaya a kan wannan, ya sa yatsa ya rufe gefen hagu, ya ce, kalli yadda ya koma. Shi ke nan."

"Da yatsansa."

"Da yatsansa."

"Me ya ce zai ba ka?"

"Ba ciniki muka yi ba."

"Yaya, ni ce fa. Tare muka tashi. In za ka yi ƙarya kunnenka na dama motsi yake yi."

Ya kai hannu kunnen kafin ya ankara, ya sauke da sauri.

"Ofishin yaɗa labarai," ya ce ƙasa-ƙasa. Sai kuma muryar ta tashi. "Eh! Kuma na cancanta! Shekara goma sha biyar ina tsugune a gaban mutane ina ɗaukarsu suna hawa kujera. Wanda bai kai ni karatu ba, wanda bai kai ni hankali ba, in ce masa ranka ya daɗe ɗan kalli nan. Ke kanki wa ya shiga ruwa har gwiwa ya ɗauke ki? Wa yake kwana yana yanka bidiyo? Gari duka Allura, Allura. Akwai wanda ya taɓa tambayar wa ke bayan kamara?"

Wannan ta shige ta, don gaskiya ce. Tun rasuwar mahaifinsu shi ya tsaya mata, keken ɗinkin nan ma shi ya ɗauko mata a ka daga tasha.

Ta sassauta murya.

"Da ka faɗa min haka tun farko, da na juya kamarar na nuna wa duniya fuskarka. Amma ba ka faɗa ba. Ka ɗauki bakina ka ba wani aro ban sani ba." Ta miƙa hannu. "Kunna kamara. Yanzu za mu yi na talatin da uku, in gaya wa mutane gaskiya."

"Bayan zaɓe."

"Yanzu."

"Saura kwana huɗu, Auta! Ki bari a wuce wurin, in ya so ki yi kuka a bidiyo, ki je gidan direban da kanki, ni zan kai ki."

"Kwana huɗu babu motar asibiti a gari?"

Ya ɗauki abin kunnen yana juya shi a hannu.

Ta ciro wayarta. "Ba sai da kai ba. Ina da hannu."

Ta taɓa shafinta. Ya nemi lambar sirri. Ta saka, ya ƙi. Ta sake sakawa a hankali, harafi bayan harafi. Ya ƙi.

Ta ɗago ta dube shi.

"Jiya na canza," ya ce, idonsa a kan batiran da ke caji. "Sun ce a yi haka don tsaro. Bayan zaɓe zan mayar miki."

Allura ta daɗe tana kallon yayanta. Mutum dubu ɗari huɗu suna bayan wata 'yar lamba, lambar kuma tana cikin kansa. In ta buɗe sabon shafi yau, kafin mutum ɗari su gani an gama zaɓe, kuma za a ce na bogi ne.

Sai ta yi murmushi. Irin wanda take yi in ta gano inda za ta sa almakashi a yadi mai tsada.

"Ƙarfe nawa ka ce taron?"

Ya ɗago da sauri. "Huɗu."

"Mutum nawa za su zo?"

"Ai gari ne gaba ɗaya. Har majigi aka kawo, ƙaton gaske, daga kamarata za a haɗa." Ya tsaya yana nazarin fuskarta. "Za ki hau?"

"Minti goma suka ce ko?"

"Auta, kin yi min rai! Wallahi bayan zaɓe duk abin da kika ce…"

Ta ɗauki hoton ta mayar cikin ambulan.

"Ka cika batiranka da kyau, Yaya."

Murna ta hana shi tambayar abin da za ta yi da ambulan ɗin.

*

Filin ƙwallo ya cika har kan katanga. Rana ta ɗan yi sanyi, ƙura ta tashi, lasifika tana ta amo. A kan dandamali an jera manya a kujerun alfarma, Injiniya a tsakiya, siriri, da tabarau, yana ɗaga wa jama'a hannu biyu.

Mai gabatarwa ya ja numfashi ya kwarara ihu.

"Jama'a! Wa kuke jira?"

"ALLURA!"

"Me ake yi?"

"ANA KAN AIKI!"

Ta hau matakalar a nutse. Babu hula, babu tumbi. Kayan aikinta ne a jikinta, da zare a manne a gefen zani. Mutane suka ɗan yi gunaguni, wani ya ɗaga murya, "Ina hular?"

Ta karɓi makirfo.

"Hular tana wanki," ta ce. "Yau sabon kaya na ɗinko muku."

Ta tsuke kafaɗu, ta miƙe wuya, ta tura tabaran da babu shi da ɗan yatsa, ta shaƙe murya ta hanci.

"Eh, to, a bisa lissafina, idan aka zaɓe ni, kashi tamanin da bakwai da ɗigo uku na sauro za su bar garin nan da kansu. Sauran kuma za mu zauna da su a teburin sulhu."

Filin ya fashe. Ba a taɓa jin ta yi Injiniya ba, kuma kamar ta haɗiye shi. Har manyan da ke kan dandamali suna rufe baki. Injiniya ma ya yi dariya yana tafi, irin dariyar da haƙora kaɗai suke yi.

Ta bari suka gama. Sannan ta sauke kafaɗunta ta koma muryarta.

"Kun tuna kujeru?"

"Likitan kujeru!" suka amsa, ana shewa.

"Kun ji daɗinsa?"

"Sosai!"

"Ni ma na ji. To ku tsaya ku ga ragowarsa."

Ta zaro hoton ta ɗaga shi saitin kamara.

Yaya yana ƙasan dandamali, bayan kamararsa mai ƙafa uku. Ta ga lokacin da ya gane. Ya ɗago kai daga kamarar, bakinsa a buɗe, yana girgiza mata kai.

"Mai hoto," ta ce a makirfo, "matso da shi jama'a su gani."

Dubban mutane suka juya suna kallonsa. Wani mai jar hula daga mutanen Injiniya ya taso yana yi masa alama da hannu a wuya, wai ya kashe.

Yaya ya dubi mai jar hular. Ya dubi ƙanwarsa.

Ya kai hannu kan kamarar, ya murza.

Hoton ya cika majigi. Motar. Kujerun. Maza huɗu. Farin ƙyalle. Ciyaman da hannu a fuska.

Shewar ta mutu daga gaba, ta bi layi-layi har bayan fili.

"Mahaifiyarsa ce," in ji Allura. "Ranar da ta rasu. An yanke rabin hoton aka ba ni rabi, na sa ku dariya a kan gawa. Baba Direba bai taɓa ɗaukar kujera ba. Gawar uwar wani ya kai gida, kamar yadda zai kai tawa, kamar yadda zai kai taku. Yau kwana uku babu mai tuƙa motar asibiti saboda ni da ku."

Wata mata a gaba ta ɗora hannu a ka tana salati.

"Ramin kasuwa gaskiya ne, rufin makaranta gaskiya ne, ban janye ko ɗaya ba. Ranar zaɓe kowa ya bi abin da ya gani da idonsa. Amma kada wanda ya dangwala saboda kujeru."

"Wa ya yanke hoton?" wani ya yi ihu daga tsakiya.

Wani ya karɓa. Kafin ka ce me, filin duka ya ɗauka.

"WA YA YANKE? WA YA YANKE?"

Matasan gaba suka fara turo shingen ƙarfe. Tsakaninsu da Yaya bai fi taku biyar ba.

Sai ta ji ƙamshin turare a kafaɗarta. Injiniya ne ya taso, fuskarsa ɗauke da murmushi saboda jama'a, ya sunkuyo daidai kunnenta.

"Faɗa musu mana," ya ce a hankali. "Hatimin wa ke bayan hoton? Ki kira sunansa, mu ga ko zai fita filin nan da ƙafarsa."

Allura ta dubi yayanta. Bai gudu ba. Yana nan riƙe da kamarar, ya saita ta a fuskarta, gumi yana zuba daga haɓarsa.

Ta ɗaga hannu ɗaya. Filin ya lafa.

"Kuna son wanda ya jawo wannan?"

"EH!"

"Ku kalle ni da kyau. Ni ce. Ni aka ba hoto ban tambayi ranar da aka ɗauke shi ba, saboda dariyar ta yi min daɗi. In duka ne ku fara da ni."

Babu wanda ya motsa.

"Amma in kuna tambayar wanda ya sa yatsansa ya rufe gawar, ya ce a yanke daga nan…"

Ta juya gaba ɗaya, ta fuskanci Injiniya, ta miƙa masa makirfo har yana taɓa leɓensa.

"Ranka ya daɗe, a bisa lissafinka, wane ne?"